Jingar da Na Ɗaga a Bakin Rafi

Bana ruwa ya shigo mana har cikin gari. Ba a rasa rai ba, mun gode wa Allah, amma katangun unguwar gabas sun zube, rumbuna sun jiƙe tun daga gindi, gonakin kwari kuwa sai da aka yi mako guda ba a ganin komai a cikinsu sai kan dawa yana leƙe a saman ruwa. Da ƙasa ta ɗan tsane na ɗauki sandata na lallaɓa bakin rafi, don ƙafata ta daɗe ba ta kai ni can ba. Na tsaya ina neman rafin da idona, ban gan shi ba. Yashi ya cike shi, ciyawar kacalla ta rufe abin da ya rage, leda baƙa da fara ta maƙale a kowane kara kamar wani ne ya shanya ta. A ƙofar masallaci kowa na faɗin albarkacin bakinsa, wannan ya ce ruwan sama ne ya yi yawa, wancan ya ce daga can sama aka sako mana shi. Mai yiwuwa duk gaskiya ne. Ni dai na san rafin nan tun lokacin da dogon mutum zai sauka cikinsa da rani, wanda ke gona ba zai hango ko hularsa ba. Yau akuya tana tsallake shi ba ta ma san ta tsallake wani abu ba.

Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Ajingi da Gaya, can ciki in ka bar titi. Rafin daga tudu yake gangarowa, ya ratsa gonakinmu, ya je ya zuba a babban kogi. A zamanin da muke samari ba a barin damina ta same shi yadda rani ya bar shi. Idan bazara ta kama, zafi ya kai zafi, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa, sai Baffa ya miƙe a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce, "Jama'a, ranar Asabar rafi." Iyakar sanarwar ke nan. Baffa yayan mahaifina ne, kuma shi ne sarkin rafi, sarautar da ba ta da rawani ba ta da zaure, sai sanda a hannu da faso a ƙafa. Ranar Asabar tun hantsi bai ɗaga ba za ka ji gangar noma ta tashi daga kwari. Duk gidan da ke da namiji mai iya ɗaga fartanya sai ya fito, da mai gona a bakin rafi da wanda tasa ke can kan tudu, don Baffa kan ce in kwari ya ƙi karɓar ruwa, ɗakin kowa zai nufa, ba zai tambayi inda gonarka take ba. Mu samari mu ne a ƙasa, muna kwashe yashin da bara ta tara, muna cika kwanduna muna miƙa wa na sama. Magidanta suna sare itacen da ya faɗa ciki, suna janye ƙaya da kara. Tsofaffi kuma suna bin gaɓa a tsugune suna duba jema, ciyawar nan mai dogon saiwa da ke riƙe ƙasa kamar an ɗinke ta, inda ta mutu su tsago wata su dasa, ruwan farko ya tashe ta. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar shebur yana shiga yashi, da nishin maza, da makaɗi yana kiran sunan mutum da na kakansa har ya ji kunyar miƙewa ya huta. In rana ta take sai ga 'yan mata a jere da fura da kunun tsamiya da ɗanwake, a zauna a inuwar giyayya, wanda ya fi kowa lalaci ya fi kowa loma, a yi ta yi masa tsiya har a koma aiki.

Doka ɗaya ce a rafin, kuma ba a rubuce take ba. Taku goma daga gaɓa, hagu da dama, ba mai sa fartanya. Wurin na geza ne da jema da giyayya. Muna yara mun ɗauka don aljanu aka bar shi, shi ya sa ko kiwo ba ma son kaiwa can da tsakar rana. Sai da muka girma muka ga amfaninsa da idonmu: in ruwa ya taho da haukarsa, nan yake bajewa, ya ratsa cikin ciyawa da saiwoyi, ƙarfinsa ya karye, ya ajiye yashinsa, sannan ya wuce a hankali.

Ina da aboki, Ilu. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, a gaban malami ɗaya muka yi karatun allo, bulala ɗaya muka sha. Bahago ne, mai wushirya, in zai yi dariya sai ya jefa kansa baya har hularsa ta faɗi. Shi ne abokin angona, ni ne nasa. Gonarsu tana tsallaken rafi daura da tamu, ta ɗan fi tamu gangare. In muna noma ba ma bukatar zuwa wurin juna, daga nan zan ɗaga murya in ce masa kunyarsa ta karkace, shi kuma ya ce ai tawa ma maciji ya bi ya ɓata. In rana ta yi zafi sai ya tsallako, mu zauna a gindin wata kanya da ke gefen gonarmu, mu haɗa furar da matanmu suka aiko a ƙwarya ɗaya. Mutanen gari ba sa tambayar ɗayanmu ina ɗaya, don sun san in ka ga wannan, wancan yana bayan katanga.

Sai aka yi fari shekara biyu a jere. A ƙarshen ta biyun mahaifina ya rasu, aka raba gona, rabona ya faɗo a bakin rafi, wani siririn yanki daidai inda rafin ya yi kwana. Ina da mata da jariri a lokacin, ga mahaifiyata, ga ƙannena uku, duk ni suke kallo. Rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Na san yadda tuwon dusa yake a maƙogwaro, na kuma san yadda mace take yi in tana kaɗa miya tana ɓoye fuskarta. Kullum in na je gonar sai idona ya tafi kan taku goman nan. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, mai laima ko da rani, ba a taɓa nome ta ba tun kakanni. Sauran gonar kuwa jigawa ce da ta gaji. Na yi ta auna wurin da ido ina cewa a raina, nan kaɗai zai ba ni shinkafar da za ta kai mu wata kaka.

An gama gayyar rafi da kwana uku na ɗauki gatari da adda. Na sare gezar, na tumɓuke jemar da tsofaffi suka gama dubawa, na tara na cinna wuta. Sannan na fara ɗaga jinga da laka da ƙirare a bakin gaɓa don kada ruwa ya shigo mini, har na ɗan tura ta cikin rafin don in ƙara samun fili. A rana ta biyu Ilu ya tsallako ya same ni. Ya tsaya ya dubi tokar gezar, ya dube ni.

"Anya kuwa? Baffa ya sani?"

"Zai sani," na ce. "Ilu, ka ga gidanmu. Ka san abin da muke ci."

Sai ya tuɓe rigarsa ya rataye a kanya, ya ɗauki kwando. Har la'asar yana ɗebo mini laka yana zubawa, ni ina daɓewa. Rabin jingar nan da hannunsa aka ɗaga ta.

Washegari da hantsi Baffa ya zo. Ni kaɗai ne a gonar. Bai amsa gaisuwata ba, ya bi jingar daga wannan kai zuwa wancan yana caka mata sanda.

"Wa ya sa ka wannan aiki?"

"Ba kowa, Baffa. Yunwa ce."

"Zo nan." Ya kai ni daidai kwanar, ya nuna sama da sandarsa. "Daga can yake tahowa da dukkan ƙarfinsa. Da, in ya iso nan sai ya baje cikin gezar da ka ƙone, ya huce. Yanzu ka tare shi. To ina kake so ya je? Sama zai koma?"

Ya juya sandar a hankali ya nuna tsallake.

"Can zai doka. Gonar wa ce can?"

"Baffa, shekara biyu rafin nan ko cika bai yi ba."

"Ban tambaye ka wannan ba. Gonar wa ce?"

"Ta su Ilu ce."

"To rushe ta."

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Baffa, ƙasar ubana ce fa, a cikin rabona take."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ubanka ƙanena ne. Tun ba a haife ka ba yake noma wurin nan, bai taɓa sa fartanya a taku goman nan ba, kuma ba don bai san yunwa ba ne. Ya san ta fiye da kai. Na ba ka zuwa Juma'a."

Na ce to. Na ce zan rage ta. Juma'a ta zo ta wuce ban taɓa ta ba. Ana haka ruwan shuka ya sauka, kowa ya duƙufa a gonarsa, Baffa kuma kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu ya kwantar da shi a zaure. Ya aiko ƙanena sau biyu ya tambaye ni ko na rushe, na ce a gaya masa ina kai. Na samo irin shinkafa a kasuwar Ajingi na zuba, ta fito kore shar, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ilu yakan ɗago daga gonarsa ya ce, "Bana a gidanka zan yi sallah!" Ni kuma in yi dariya. Kullum muna zama a gindin kanya, kullum maganar Baffa tana nan a ƙirjina, ban taɓa gaya masa ba. Nakan ce wa kaina ai ruwan bana ma ba zai yi yawa ba.

Aka shiga marka. Ranar da abin ya faru an tashi da ruwa tun bayan sallar asuba, ba iska ba tsawa, zuba kawai yake kamar da bakin ƙwarya, har azahar bai tsagaita ba. Ina zaune a ƙofar ɗaki sai na jiyo wani ruri daga kwari, kamar babbar mota tana hawan tudu daga nesa. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan ƙarar. Na yafa buhu a ka na ruga. Na tarar rafin ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da kututture da dangar wani da mushen akuya yana juyawa. Yana isowa kwanar ya doki jingata. Na tsaya a kanta ina jin tana rawa a ƙarƙashin ƙafata, ina addu'ar Allah ya sa ta riƙe. Ta kuwa riƙe, don mun daɓe ta da kyau. Ruwan ya yi tsalle ya murɗa, ya koma ya kama gaɓar tsallake yana ɓantararta. Ina kallo ƙasa tana faɗawa gunduwa-gunduwa, jemar wancan gefen ta yi iya yinta, daga baya ta tafi gaba ɗaya. Sai rafin ya bar hanyarsa ya miƙe tsakiyar gonar Ilu.

Geronsa ya riga ya fitar da kai, saura kwana kaɗan a fara cin tumu, ga gyaɗa a ƙarƙashi ta rufe ƙasa. Yana can shi ma, ban lura da zuwansa ba. Na gan shi cikin ruwa har ƙugu yana jawo ƙaya yana turawa a bakin ɓarakar, ruwan yana fizgewa. Ya tuɓe rigarsa ya cika ta da ƙasa ya danna, ita ma ta tafi. Daga nan ya daina. Ya hau wani ɗan tudu ya tsaya hannu a sake, yana kallon geronsa yana kwantawa layi bayan layi. Tsakanina da shi bai fi jifa ba. Can ya ɗago ya hango ni a kan jinga, ya sa hannu a baki ya yi kira don ruri ya yi yawa.

"Taka ta tsira?"

Na ce, "Ta tsira."

Ya ɗaga hannu sama. "To, alhamdu lillahi!"

Na yi shekaru da yawa a duniya, an zage ni, an yi mini ƙazafi, na binne 'ya'ya biyu. Babu maganar da ta taɓa zauna mini a zuciya kamar wannan hamdalar.

Da ruwa ya janye aka ga abin da ya bari. Ba kwantar da gero kawai ya yi ba. Ya zuba yashi fari fat a kan gonar har gwiwa, ya kuma tsaga kwazazzabo a tsakiyarta. Aka ɗora Baffa a jaki, ƙafafunsa a naɗe da tsumma, aka kai shi ya gani. Da la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka sa ni a tsakiya. Baffa ya yi magana daga zaune.

"Ranka ya daɗe, na je na same shi tun kafin shuka. Da sandar nan na nuna masa. Na ce masa gonar Ilu ruwan zai doka, ya ji da kunnensa. Ni kuma na yi shiru ban kawo maganar gabanka ba, don ina jin nauyin ƙanena da ke kabari. Laifin namu ne mu biyu."

Ilu yana zaune a gefe. Ya juyo ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Ashe ka sani."

Mai unguwa ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni da ƙara, ranka ya daɗe. Ruwan Allah ne." Aka yi juyin duniya ya ƙi ƙara ko kalma. Dattawa suka yanke cewa in rushe jingar da hannuna, in mayar da jema, kuma in an yi kaka in raba abin da na samu biyu in kai masa rabi. Na yi duka. Ranar da na kai masa shinkafar ya fito ya karɓa, ya yi mini godiya doguwa, da tambayar gajiya da tambayar mutan gida, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ban iya haɗa ido da shi ba. Muna gaisawa a masallaci, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma gindin kanya bai sake ganin mu tare ba.

Da damina ta zagayo ya gwada gonar. Geron ya fito ya kai taƙi ɗaya, ya yi ja, ya tsaya. Yashi ba ya riƙe taki, ba ya riƙe ruwa. Bayan kaka ya ce zai tafi Kurmi cin rani. Ranar tafiyarsa na bi shi har bakin titi, na karɓi ƙunshinsa na riƙe masa. Tun daga gida nake shirya maganar a bakina, kalma uku ce kawai, ka yafe mini. Muka tsaya muna jiran mota, na yi maganar zafin rana, na yi maganar tsadar goro. Motar ta zo. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce, "Amin. Ka riƙa leƙa Inna." Da rani ya ƙare bai dawo ba, sai ya aiko aka kai masa matarsa da 'yarsa. Na riƙe amanar Innarsa iya ƙarfina, ban taɓa yin girbi ban kai mata dami ba, in ɗakinta ya yi yoyo ni ke hawa. Da ta rasu ya zo, ya yi furfura, wushiryar tana nan amma dariyar ta ragu. Kwana uku muna zaune a tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa, kullum akwai mutane, kullum ina cewa gobe in an watse. A rana ta huɗu na je da hantsi aka ce ya bi motar farko.

Baffa bai daɗe ba bayan wannan ruwan. Wanda ya gaje shi ya riƙe gayyar wasu shekaru, amma abin ya riƙa raguwa. Mutane suka yi yawa, gonar da mutum ɗaya ke nomawa ta koma ta 'ya'ya takwas, kowa ya matsa har bakin gaɓa, daga baya ma har cikin rafin ake shuka masara da rani. Aka sare giyayya aka yi gawayi. Makaɗin ya mutu, 'ya'yansa suna acaɓa a Gaya, gangar tana rataye a zaurensu fatarta ta tsage. Ba na zargin yaran yanzu, na san abin da ke tura mutum cikin taku goman nan. Wata shekara na yi ƙarfin hali na miƙe a ƙofar masallaci kamar yadda Baffa ke yi, na ce ranar Asabar rafi. Wani matashi ya ɗago daga wayarsa ya ce, "Baba, wannan ai aikin gwamnati ne, sai an kawo katafila." Wani kuma daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma na ji, "An ce ai shi ya fara." Ban juya na ga ko ɗan wa ne ba. Gaskiya ya faɗa. Ranar Asabar mu shida muka fito, huɗu a cikinmu ba ma iya sunkuyawa.

Bayan ruwan bana da 'yan makonni ina zaune a zaure aka yi sallama. Wani magidanci ne mai furfura a gemu, Hausarsa ta ɗan karkata irin ta waɗanda suka tashi a Kudu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi ɗan Ilu ne, Ɗanjuma. Na san sunan, Innar Ilu takan ambace shi cikin jikokinta, amma ban taɓa ganinsa ba. Ya ce mahaifinsu ya rasu cikin azumin da ya wuce, bayan gajeriyar jinya. Ya ce ya bar musu wasiyya cewa akwai gona a gida, duk wanda ya zo ya fara zuwa wurina kafin kowa, ni zan nuna masa iyaka.

Na yi salati, na yi masa gaisuwa. Sannan na ɗauki sanda muka tafi. Gonar tana nan yadda ruwa ya bar ta, yashi da tumfafiya, kwazazzabon ya ƙara faɗi. Na nuna masa iyakar gabas da ta yamma. Ya tsaya yana kallo ya ce, "Babanmu kullum yakan ce ruwa ne ya cinye ta."

Na ce, "Iyakar abin da ya gaya muku ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

Sai na gaya masa. Ban rage komai ba, da jingar, da lakar da ubansa ya ɗebo mini da hannunsa, da sandar Baffa, da shirun da na yi damina guda muna shan fura a ƙwarya ɗaya. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa, yana tona yashi da takalminsa.

"Ya san ka sani, Baba?"

"A gaban jama'a ya ji."

"Kuma duk wannan kafin su tashi ne?"

"Kafin su tashi da shekara guda."

Ya ɗago ya dube ni. "To ai ni a can aka haife ni, bayan sun tashi. Ɗanjuma laƙabi ne, don ranar Juma'a na zo. Sunana na yanka naka ne. Shi da bakinsa ya gaya mini, ya ce sunan amininsa na gida ya sa mini. Har ya rasu bai taɓa kirana da sunan ba, Abokina yake ce mini."

Sai na zauna daɓas a kan yashin. Ya tsuguna da sauri ya riƙe mini sanda yana tambaya ko lafiya. Na kama hannunsa na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Ni, Baba? Me ka yi mini?"

Na ce, "Kai dai ka ce ka yafe."

Ya ce ya yafe, har sau biyu ya faɗa. Muryarsa irin ta ubansa ce sak, amma ba shi ba ne.